Tsohuwar da Ta Gane Jikarta Cikin Kwaɗi

A gidanmu na Zongo, ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ita ce ranar jin daɗinmu. Da an idar da magariba, sai kakarmu Iya Hajo ta jawo murhun gawayi tsakar gida, ta jera masara a kai, mu kewaye ta muna korar sauro. Iya ta yi zamaninta tana kiɗan ƙwarya a bukukuwan mata, har Placodji ana kiranta, wajen matan masunta da ba su jin Hausa amma sun san daɗin hannunta. Ba ta fara tatsuniya sai ta kifa ƙwarya a gabanta, ta miƙa mini ɗaya, ta miƙa wa yayata Rakiya ɗaya.

"Ku bi ni tukuna," in ji ta. "Kunne ma gona ne, sai an nome shi."

Mu yi ta bi muna kuskure, tana dariya. Sai ta gamsu sannan ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafarta." Mu ce, "Ta shigo, an yi shimfiɗa."

Wadda na fi so ita ce ta Tasalla, tsohuwar makaɗiya da ke zaune a bakin tafki da jikarta. Wata rana dodon ruwa ya sace yarinyar, ya mai da ita kwaɗo, ya saka ta cikin dubban kwaɗi. Ya ce duk wanda ya gane muryarta ya ɗauki abarsa. Maharba suka zo, masu jin motsin ɓera a ciyawa, suka kasa. Samari suka kasa. Da Tasalla ta taso tana dogara sanda, aka yi mata dariya, don sai an maimaita mata sallama take amsawa.

A nan Iya takan rage murya, har mu ji masara na fashewa a wuta.

"Sai ta zauna, ta rufe ido. Ba ta ce kwaɗi su yi shiru ba. Ta bar su suna ta kuka, tana ware su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Can gefe ta ji wani ƙarami, kukansa na faɗawa daidai kan waƙar da take yi wa jikarta tun tana goye. Ta ce, wannan nawa ne."

Ni kuwa kullum sai na tambaya, "Iya, asiri gare ta?"

"Ina fa asiri, ƙawata. Shekarun da ta yi tana sauraron ƙwaryarta cikin ta mutane ne."

Daga baya na shiga lakwal, wato makarantar boko, na samu aikin ofis a Ganhi, hannuna ya manta ƙwarya. Rakiya ta zauna kusa da Iya, ta gaji kiɗan, har yau ita ake kira. Iya ta rasu da daɗewa, mu biyun kuma furfura ta kama mu.

Bara aka yi suna a Avotrou. Lasifika na ta ruri, mata na hira da Hausa da Fonanci da Yarbanci. Jikata Safiya, 'yar ƙarama, ta zo ta riƙe zanena tana magana. Ina ganin bakinta na motsi, amma maganar ta narke cikin hayaniya. Na gyaɗa kai na yi murmushi. Ta sake faɗa, na sake gyaɗawa. Sai ta fashe da kuka. Rakiya, wadda ta girme ni, tana can ƙarshen tabarma, ta juyo.

"Takalmi ke cizon ta, cewa take ki goya ta."

Na goya ta, na koma bayan rumfa don kada a ga idona.

Likitan da na gani ya ba ni na'urar kunne. Ya ce kunne ke karɓar sauti, amma ƙwaƙwalwa ke tsince shi, kuma wanda ya daɗe yana kiɗa yakan fi iya cafke murya cikin taro ko da tsufa ya zo. Ina saurarensa ina ganin fuskar Iya a hasken gawayi. Ina yarinya, na ɗauka labarin dodo ne. Ashe labarin tsoron da ke jiran kowace kaka ne, kada ɗan da take ƙauna ya kira ta cikin mutane ta kasa ji. Iya ta san ranar na zuwa, shi ya sa take sa mu aiki kafin ta ba mu daɗi.

Na'urar na taimaka mini a ɗaki, amma a taro har yanzu muryoyi kan cakuɗe mini. Don haka duk inda muka je, Rakiya na gefena na hagu, tana raɗa mini wa ya gaishe ni, wa ya yi ba'a, inda ya kamata in yi dariya. Rannan muna jiran zemijan, babur ɗin haya, na ce, "Yaya, ba kya gajiya da ni?"

Ta harare ni. "Shekara da shekaru ke kike karanta mini takardun asibiti. Bar ni in karanta miki mutane."