Haƙoran Faraj da Ƙafar Yislam

Ka ga tabon nan da ke goshina? Ba faɗuwa na yi ba, ko da yake haka matata take gaya wa mutane. Yislam ne. Da filafilin tuƙi ya yi min shi, wata Laraba, don na ce kifinsa ya fara wari. Kuma wallahi ya fara ɗin.

Kada ka ji tausayina, ba ni kaɗai ba ne. A ƙauyenmu, nan gaɓar Hadramaut, in ka tara maza ka ce kowa ya cire rawani, sai ka karanta tarihin Yislam ɗan Ubaid daga wannan kai zuwa wancan. Gajere ne, faɗinsa ya fi tsawonsa, wuya kuwa babu, kan kawai aka ɗora a kafaɗa. An ce ranar da aka haife shi bai yi kuka ba, unguwarzoma ce ta yi. Ban gani ba, amma na ga ranar da ya mari raƙumin wani makiyayi har raƙumin ya durƙusa ba a ce masa ya durƙusa ba.

Abu ɗaya ne a duniya Yislam bai taɓa ɗaga wa hannu ba: kwale-kwalensa, Mabruka. Ƙaramar aba ce, kamu goma sha biyu, da ƙyallen iska guda mai faci bakwai, amma in iska ta cika ƙyallen nan sai ka rantse tsuntsuwa ce. Da tafin hannunsa yake shafa mata man kifi, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Matarsa Shaiha takan ce, "Da katako aka yi ni, da na ji daɗin aure."

To, ka san in iskar damina da muke kira Harif ta juyo, teku ta rufu ke nan sai bayan wata uku. Duk jirgin da aka bari cikin ruwa, itacen girki za a tsinta. Sai an jawo kowanne can saman yashi, kuma mutum ɗaya ba ya iyawa. Maza arba'in ne a kan igiya, a jera gumagumai a shafe su da kitse, mai jirgi ya kawo dabino da gahawa, shi ne kuma mai ɗauko gungumen baya ya kai gaba. Sannan ga mai waƙa, don ja ba ya haɗuwa sai da waƙa.

Waƙar kuwa zagin mai jirgi ce. Haka muka tarar. Daga lokacin da igiya ta miƙe har jirgi ya zauna a mazauninsa, mai jirgi ba shi da baki, ba shi da hannu. Dattijon masunta, Ammu Awad, yakan ce wata tara mutum yana kumbura don yana da jirgi, dole a sami rana ɗaya a sace masa iska.

Mai waƙarmu Faraj ne, siriri kamar sandar kamun kifi, bakinsa kuwa ya fi reza. Wata shekara, ana jan Mabruka, ya rera cewa in ƙyallen Yislam ya yage ba damuwa, ya buɗe hancinsa kawai iska za ta kai shi Indiya. Ba a gama dariya ba sai ga haƙoran Faraj biyu na sama a kan yashi. Nan take Ammu Awad ya yanke hukunci: ba mai ƙara taɓa igiyar Mabruka sai ranar da Yislam ya tsaya ya sha waƙa daga farko har ƙarshe.

"Ku riƙe igiyarku, ku rataye kanku da ita!" in ji Yislam.

Shekara biyu yana kai ta wani lungun ruwa mai nisan rabin yini, ya ɗaure ta a can, ya dawo a ƙafa yana hura hanci. A ta uku ya je ya tarar yashi ya toshe bakin lungun. Ya juyo da ita, iska kuwa ta riga ta juya. Duk jiragenmu suna sama, an lulluɓe su da ganyen dabino, Mabruka kaɗai ce a ruwa tana tsalle a kan anga kamar akuyar da ta ga wuƙa.

Da farko ya ce shi kaɗai zai ja ta. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kafa ƙafa, ya yi nishin da aka ji har birnin Mukalla. Mu kuwa muka jeru a inuwa muna cin dabino muna ba shi shawara. Jirgi bai motsa ba, zaninsa ne ya motsa, ya sauka har idon sawu.

Shaiha ce ta zo ta tsaya a kansa, ta kira shi da sunan ɗansu.

"Abu Salim, ɗaura zaninka ka je wurin Ammu Awad."

"In mutu!"

"Mutu mana, wa ya hana ka? Amma jibi war haka da haƙarƙarin Mabruka zan dafa maka shinkafa."

Ya dubi teku, ya dubi jirgin. Sai ga shi gaban Ammu Awad, kai a ƙasa, kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Ammu, a ja min ita."

"Ban ji ba, ɗana, kunnen nan ya tsufa. Tun ranar da ka jefe ni da kan kifi."

"A ja min ita, don Allah."

"Da waƙa?"

Sai da muƙamuƙinsa ya yi ƙara kafin ya ce, "Da waƙa."

Washegari da hantsi ba wanda ya zauna a gida. Har makaho an jawo shi. Teku ta yi baƙi, taguwar ruwa tana dukan gaɓa har ƙasa na rawa. Faraj ya iso da sabon rawani, yana murmushi da giɓinsa. Shekara uku fa yana tara baitoci, an ce har cikin barci yana gyara su.

Igiya ta miƙe. Faraj ya ɗaga murya:

"Wa ya ga gajere mai hancin tulu?"

Muka amsa, "Ja!"

"Ya shiga ruwa kifi suka yi hijira!"

"Ja!"

Mabruka ta hau gungumen farko. Yislam ya ɗauko na baya ya kai gaba. Faraj ya shiga rowarsa, ya ce dabinon da ya kawo mana tun na sadakar kakansa ne. Ya shiga ubansa, ya ce Ubaid tsoron ruwa yake har alwala sai an riƙe shi. Ya tono ranar da Shaiha ta bi Yislam da taɓarya har bayan masallaci, wanda kuma gaskiya ne, ina wurin. Mata na guɗa, mu muna ja muna hawaye don dariya. Yislam kuwa jijiyar goshinsa ta fito kamar igiyar anga. Ya cije leɓe har jini yana bin gemunsa, amma hannunsa na kan gungume. Wallahi har na fara jin kunyar kaina.

Saura gungume biyu a kai mazauni. Faraj ya ga baitocinsa na ƙarewa mutumin bai fashe ba, abin ya ba shi haushi. Sai ya juya ya dubi jirgin.

"Mabruka tsohuwar makara, tsutsa ta cinye gindinta!"

Ba wanda ya ce "ja".

Na ga Yislam ya ajiye gungumen a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Abin da na gani bayan wannan shi ne kansa cikin bakin Faraj. Ƙarar kamar an fasa kwakwa. Haƙora suka watse, wata tsohuwa ta rantse ɗaya ya faɗa mata cikin kofin gahawa. Ƙanin Faraj ya saki igiya ya rarumo filafili ya sauke wa Yislam a gadon baya, filafilin ya karye, Yislam ya ɗaga ƙanin ya maka shi a kan kaskon kitse. Daga nan kowa ya tuna tabonsa. Mai karyayyen hanci ya saki igiya, mai yagaggen kunne ya saki, ni ma na saki, ba zan yi maka ƙarya ba, shekara shida ina jiran ranar. Mutum goma a kansa, yana watsar da mu kamar kare ya fito daga ruwa. Wanda bai samu Yislam ba ya naushi na kusa da shi. Ammu Awad na tsakiya yana ta salati, wani ya tuɓe masa rawani da gwiwar hannu.

Ihun Shaiha ne ya tsayar da mu.

"Jirgin! Abu Salim, jirgin!"

Ba kowa a kan igiya. Mabruka ta fara sulalowa baya a kan gumagumai masu kitse, tana ƙara gudu, teku kuwa ta buɗe baki a ƙasa. Yislam ya tashi da mutum biyu rataye a wuyansa, ya zubar da su, ya ruga. Ba gungume a hannunsa, ba dutse kusa. Sai ya faɗa bayanta ya tokare da kafaɗa, ya cusa ƙafarsa ta dama ƙarƙashin gindinta.

Na ji ƙarar ƙashin. Har yau in matata ta karya itacen wuta sai na dafe cinyata.

Jirgin ya tsaya, a kan ƙafarsa. Muka yi kan igiya da fasassun kawuna, muka ja, amma kowa da nasa lokacin, ba ta ko girgiza ba. Ammu Awad ya yi tsawa, "Faraj, waƙa!" Faraj ya buɗe baki, jini da iska kawai suka fito.

Sai muka ji murya daga ƙarƙashin jirgi.

"Maza arba'in, ƙarfin kaza ɗaya!"

Muka dubi juna. Wani ya ce, "Ja!"

"Mahfuz mai tabon goshi, matarka ce mijin!"

Ni ke nan fa. Amma na ce "Ja!" da sauran, na ja kamar wuyansa ne a igiyar. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, da suna, da sunan uwa, da abin da kowa ya yi ya zaci ba a sani ba. Ashe duk shekarun nan mutumin yana gani, hannu ne kawai ya riga bakin. Baiti tara, Mabruka ta sauka daga kansa ta hau mazauninta. Sai da ya ɗago ya ga an tokare ta ta kowane gefe, sannan ya yarda ya suma.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke tana kallon garin Saihut a gabas alhali mai ita na tafiya Shihiri a yamma. Yana fita teku har yanzu, a zaune, riƙe da abin tuƙi. Duka kuwa ya ragu, don kafin ya ɗingiso ka kai gida.

Waƙar ja ta koma hannunsa, tunda Faraj ba ya iya furta komai sai miyau. Mun zaci sauƙi muka samu. Bara da aka ja nawa jirgin, sai da na kwana uku ban fita ba, matata kuwa ta tafi gidansu har sati.

Ranar jan Mabruka kaɗai ake mayar wa Faraj waƙarsa, don mai jirgi ba ya zagin kansa. Yakan tsaya da rawaninsa, ya zazzaro ido, ya nuna Yislam da yatsa, ya yi ta rerawa da dasashi har gumi ya jiƙa shi. Ba mai gane ko kalma ɗaya. Mu dai mu ce "Ja!", Yislam kuwa yana jan gungumensa yana gyaɗa kai, wani lokacin har ya ce, "Allah ya ƙara basira, Faraj."