Inshorar Da Na Sayar Wa Malam Haladu

Kafin in zama abin da na zama, ni mai buga takardu ne a Maƙarfi. Ina da ɗan shago kusa da sakatariya, da kwamfuta ɗaya da injin kwafi. Takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, takardar cinikin gona, duk ni ake kawo wa. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi wannan ne don kada wani matashi ya karanta ya ce talauci ne ya ja ni. Kwaɗayi ne kawai, da ganin na fi kowa wayo.

Abin ya fara ne da wani direba da inshorar motarsa ta ƙare. Ya ce in canza masa shekarar da ke jikin takardar, don dai ya nuna a hanya. Minti biyar na gama, ya ba ni abin da nake samu a wuni guda. Ya kawo abokinsa, abokin ya kawo wani. A wurinmu yawancin direbobi ba su ɗauki inshora a bakin komai ba, takarda ce da ake miƙa wa mai kaki ya ce a wuce. Ni ma da haka na riƙa lallashin zuciyata, wai ai ban cuci kowa ba.

Da fetur ya yi tsada, sai babura da kekuna masu caji suka fara shigowa Maƙarfi da Kudan da Ikara, har da ƙananan motoci jefi-jefi. Masu su ba kamar sauran direbobi ba ne, tsoro suke ji na gaske. Batirin kaɗai ya kusa rabin kuɗin abin hawan, in ya lalace an shiga uku. Suna tambayar inshorar da za ta biya batir, sai a faɗa musu kuɗin da zai sa su dafe kai. Nan na ga ƙofa. Na ƙirƙiri kamfani, na yi masa tambari mai kyau da adireshin Kaduna, na rubuta takaful, wato inshorar Musulunci, a sama don masu gudun haram su saki jiki. Kuɗina bai kai rabin na gaskiya ba.

Ku saurari dabarar, don ita ce muguntar. A bayan takardar na jera sharuɗɗa goma, na ce su ne ke sa kuɗin ya yi sauƙi. Kada a yi caji da janareta. Kada a ɗauki fiye da mutum huɗu. Kada a ɗora buhu a sama. Kada a shiga ruwan da ya kai idon sawu. Ina shan rake nake ƙirƙiro su, ina dariya ni kaɗai. Na san a ƙasar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, ranar kasuwa kuma kowa lodi yake, babu mai iya kiyaye su. Duk wanda ya zo da asara, sai in zaunar da shi, in ba shi ruwa, in yi masa jaje, sannan in tambaya a hankali, “Tsakaninka da Allah, ba ka taɓa caji da janareta ba?” Sai ya sunkuyar da kai. Mutanenmu ba sa rantsuwa a kan ƙarya. Haka zai tashi yana zargin kansa, har da ba ni haƙuri don ya ɓata mini lokaci.

Ana nan sai ga Malam Haladu daga Gazara. Tsohon malamin asibiti ne, ya yi shekara talatin yana ba mutane magani a ƙaramin asibitin ƙauye. Da aka biya shi kuɗin sallama, ya haɗa gaba ɗaya ya sayi ƙaramar mota mai caji, yana jigila tsakanin Maƙarfi da Kudan. Ita ce abincin gidansa, babu wani abu bayanta. Ya zauna a shagona, ya sa tabarau, ya karanta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya yana bi da yatsa. Babu wanda ya taɓa yin haka.

Ya ce, “Ɗana, in na kiyaye waɗannan duka, za a biya ni?”

Na ce, “Baba, ko ƙwandala ba za ta yi ciwon kai ba.”

Ya ce, “To madalla. Ni na saba da ƙa'ida. Wanda aka ce ya sha sau uku ya sha sau biyu, kada ya zargi magani.”

Har addu'a ya yi mini, wai Allah ya yi wa sana'ata albarka tunda ina sauƙaƙa wa talaka. Na shafa, na ce amin.

Wata tara bayan nan, a lokacin saran rake, wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta a Kudan, ta bi ta kan motar Malam tana ajiye a gefen titi. Allah ya sa babu kowa a ciki. Batirin ya fashe, motar ta zama ta 'yan gwangwan. Mai babbar motar shi ma takardar bogi yake yawo da ita, babu abin da za a samu a wurinsa. Washegari da hantsi Malam ya iso shagona, fuskarsa a sake. Ya ce, “Alhamdu lillahi da na haɗu da kai.”

Na ba shi ruwa, na fara tambayoyina. Janareta? Ya ce bai taɓa ba, wurin mai sola yake caji, in an yi hadari ya haƙura da fita ranar. Fasinja? Huɗu, ko ranar kasuwa, har 'yan tasha suna yi masa dariya suna kiransa Bature. Buhu? Ko tiya ɗaya. Na bi goman nan kaf, ina neman inda zan kama shi. Mutumin nan ya kiyaye duk shirmen da na rubuta. Ban ji tausayinsa ba a lokacin, haushinsa na ji. Wannan ita ce gaskiya, kuma har yau in na tuna sai na tsani kaina.

Na ce takardu sun tafi Kaduna. Sati biyu na ce manaja ya yi tafiya. Sati huɗu na ce ana bincike. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da ya gaji, bai gaya mini ba, ya hau mota ya tafi adireshin da ke kan takardar. Shagon tela ya tarar. Wani a can ya duba masa lambar inshorar a waya, aka ce babu ita a ko'ina. Daga nan ya kai ƙara.

Ina cikin buga katin suna 'yan sanda suka shigo. A kotu na ga mutanen da na sallama a baya, daga Ikara, daga Kurmin Kogi, sun cika benci. Wani mai keke ya tashi ya ce, “Shekara guda ina cewa ni na jawo wa kaina, har matata na hana ta yi magana.” Alƙali ya ba ni shekara uku. Mahaifiyata ta daina zuwa kasuwa saboda nuni. Matata ta koma gidansu da yaranmu biyu, kuma ban ga laifinta ba. A gidan yari babu abin da ya dame ni kamar zaman banza, kana zaune kana jin muryoyin mutanen da suka ba ka haƙuri bayan ka cuce su.

Da na fito, limamin unguwarmu ya ce tuba ba ta cika sai na nemi yafiyar masu haƙƙi. Na fara da Gazara. Na sami Malam Haladu a shagon maganin wani, yana tsare masa ana biyansa a wata. Ya rame, tabarau ɗin an ɗaure shi da zare. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi mahaifiyata. Sannan na ce ya yafe mini.

Ya ce, “Motar na bar wa Allah, na yafe. Amma akwai abin da ba ka sani ba. Da damina, kafin hatsarin, maciji ya sari maƙwabcina Isuhu a gona. Aka ɗauko shi aka sa a motata. Muka zo rafi, ruwa ya kai ƙauri. Na tsaya. Ni da na san abin da dafi ke yi a awa ɗaya, na tsaya a bakin ruwa ina tunanin takardarka. Na ce a nemo babur. Kafin a samo, a tsallaka da shi, a kai asibiti, ya cika.”

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, “Da na shiga, da motar ta wuce ruwan nan, ɗana. Na sani, domin na ga irinta ta wuce daga baya. Nawa laifin ina roƙon Allah a kai kullum. Naka kuwa ba ni zan yafe ba. Gidan matarsa ne na uku a hagu, tana nan da yara biyar.”

Yanzu ina dako a kasuwar hatsi, babu mai ba ni takarda ko ta ƙunshin ƙosai. Ku masu sayen abin hawa mai caji, in kuna son sauƙi akwai hanyar halal. Ku tambayi kamfani biyu ko uku, ku haɗu a ƙungiya ku nemi ragi, ku tabbatar an rubuta batir a ciki, ku duba lambar a waya kafin ku ba da sisi. In kuka ga arha ta yi yawa, akwai irina a bayanta.

Ku kuma samari masu kwamfuta da ake ce muku gwanaye, kada ku canza ko lamba ɗaya a takardar wani. Za ku ce takarda ce kawai, ni ma haka na ce. Ba ku san wanda zai gaskata ku ba, ba ku san kuma inda zai tsaya saboda maganarku ba. Sau uku ina zuwa Gazara, ina kaiwa ƙofar gidan nan na uku a hagu, ina jin muryar yaran a ciki. Har yau ban iya yin sallama ba.