Haƙoran Mijinyawa Maɗinki

Mijinyawa maɗinki ne a Ƙofar Wambai ta garin Bauchi, gajeren mutum mai kaifin harshe. Da haƙoran gaba yake tsinke zare, almakashi sai wajen yanka yadi. Tare suka taso da maƙwabcinsa Hammajoda mai sayar da fatu, amma tun da siyasa ta shigo gari kowa ya kama jam'iyyarsa, ko gaisuwa ta gagara.

Ana gab da zaɓen 1959 gardama ta kaure a bakin shagon Mijinyawa. Mijinyawa ya zagi mahaifin Hammajoda, shi kuwa ya rarumi dutsen guga ya maka masa a baki. Haƙora biyu na sama suka zube.

Dattawan unguwa suka shiga tsakani, suka yanke cewa Hammajoda ya kai shi Jos a gyara masa baki. A mota babu wanda ya kalli wani.

Likitan haƙori, ta bakin tafintansa Zakka, ya ce hanya biyu ce. Ko a kankare haƙoran da ke gefen giɓin a rataya sababbi a jikinsu su zauna daram, ko a yi masa na roba masu ƙugiya, waɗanda ake cirewa a wanke.

Hammajoda ya ce, "A sa masa na dindindin, a wuce wurin."

Mijinyawa ya juyo a fusace. "Ka zubar da biyu, yanzu kuma a kankare mini biyu masu lafiya don ka samu barci? Likita, na cirewa nake so."

Zakka ya ce na cirewa suna motsi wajen cin nama.

"Ba don nama nake son su ba," in ji Mijinyawa.

Sai da suka dawo Bauchi aka gane nufinsa. In mai kawo ɗinki ya zo, haƙoran suna bakinsa fes. Amma da ya hango Hammajoda, sai ya zare su ya ɗora a kan keken ɗinki, ya wage baki yana kallonsa har ya wuce. Ranar bikin samun 'yancin kai ma, ana ta murna, ya ratsa taro ya yi wa Hammajoda haka a gaban 'ya'yansa.

Yelwa, matar Mijinyawa, ta ce, "Malam, mutumin nan fa ya sha neman gafara."

Ya ce, "Ya ci gaba da nema."

Hammajoda ya fara zagayawa ta bayan gidaje, daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Fadaman Mada. Mijinyawa ya ci gaba da ɗinki har idonsa ya yi rauni. Ko a lokacin, in aka ambaci sunan Hammajoda a majalisa, tashi yake ya bar wurin.