Ƙugiyar da ke Bakin Tarwaɗa

Tun safe wani direba da ya zo kamun kifi yake satar kallon dattijon da ke fatsa kusa da shi a bakin kogi: siriri, mai farin gemu, tabaransa ɗaure da zare, bokitinsa wayam. Ba ya surutu, ba ya jefa ƙugiya inda wani ya jefa.

Can zarensu ya sarƙe, suka jawo ƙatuwar tarwaɗa tare. Direban ya tuna ya yi wa iyalinsa alkawarin kifi. Dattijon yana warware zaren a natse, da yatsu irin na tsohon tela. Ya buɗe bakin kifin ya duba.

"Ƙugiyarka ce, ɗana. Ɗauki abinka."

"Baba, mu raba mana."

"A'a. Ni dai sam min tana biyu, tawa ta ƙare."