Riƙon da Gwaggo 'Yardada Ta Karɓa

Gwaggo 'Yardada ba ta taɓa haihuwa ba, amma babu yarinyar da ta tashi a lungunmu na Gwammaja ba ta goyi aikin hannunta ba. 'Yan tsana take yi. Na san ta tun da na fita takaba na dawo gidan yayana, katangarmu ɗaya da ɗakinta, kuma ina tare da ita har Allah ya karɓi ranta. Abin da na gani shi zan faɗa, wanda ban gani ba Allah ne masani.

'Yar gajeruwar tsohuwa ce mai yawan tsokana. Da yake ta wuce shekarun kulle, da ƙafarta take zuwa wurin Sabo mahauci ta karɓo ƙasusuwan ƙafar saniya.

"Gwaggo, kowa tsoka yake nema, ke kuma ƙashi," in ji Sabo.

"Kai ma ai ƙashin ne, Sabo, riga ce ta rufa maka asiri."

In ta dawo sai ta dafa ƙashin, ta kankare shi, ta wanke da toka, ta shanya har ya yi fari fat. Wajen gaɓar ƙashin shi ne kan 'yar tsanar. Nan za ta manna kakin zuma, ta dasa baƙin zare ta yi masa kitso, ta ɗaura tsakiya a wuya da ƙugu, ta naɗa ɗan gyauton saƙi. Amma ba ta yi musu ido, ba ta yi musu baki, ba ta yi musu kunne. Na taɓa tambayar ta dalili. Ta ce, "Lauratu, wanda ya cika sura za a ce ya busa mata rai ranar gobe ƙiyama, ni kuwa ba ni da shi. Kuma abin da ba shi da kunne, ko an kira shi ba zai juyo ba."

Waɗanda ba a saya ba tana jera su a alkukin ɗakinta. Yaran unguwa sun ce gida guda ne, da maigida da uwa da 'ya'ya, wai suna girki in an fita. Dariya take yi. Ni dai na lura takan jera su a layi da safe, in na shigo da la'asar sai in tarar ƙananan sun jingina da manya. Ta ce ƙadangaru ne.

Bayan an gama ginin sabon masallacin Juma'a da kamar shekara biyu, ƙyanda ta shigo unguwa. Malam Jibrin, ɗan wan Gwaggo, yana da tagwaye mata, Hassana da Usaina, ba su fi shekara shida ba. Duka suka kwanta. Hassana ta tashi, Usaina ba ta tashi ba. Tun daga ranar Hassana ta daina cin abinci. Sai ta zauna a gaban akushi tana kallon ƙofa, tana jiran hannu na biyu.

Uwarsu, Uwani, ta aiko a roƙi Gwaggo ta yi wa yarinyar 'yar tsana ko za ta ɗauke mata hankali. Ta haɗo da yankin zanen Usaina da 'yan kunnenta na azurfa, ta ce don Allah a sa mata su. Ina zaune Gwaggo ta daɗe tana juya 'yan kunnen a tafinta. Babu inda za a rataya su. Tausayi ya rinjaye ta, ta mulmula kaki ta yi kunne biyu, ta huda da allura.

"Ai kaki ne kawai," ta ce, ba ni ma take wa maganar ba.

Kowa ya san 'yan mata in sun sami sabuwar 'yar tsana sai sun yi mata suna. Su tuƙa tuwon ƙasa, su yi miyar ganye, su rangaɗa guɗa, shi ke nan wasa ya tashi. Amma Hassana 'yar malam ce, ta sha ganin ana miƙa wa babanta jarirai yana yi musu huɗuba. Uwani ta ba mu labari daga baya cewa ta hango ta daga bakin murhu. Yarinyar ta yi alwala, ta ɗauki 'yar tsanar ta kai bakinta kunnen dama ta yi kiran salla a hankali, ta juya na hagu ta yi iƙama, sannan ta raɗa mata suna. Usaina. Uwani ta ce ta so ta hana, bakinta ya yi nauyi.

Ranar Hassana ta ci abinci, aka yi ta murna. Sai dai rabi take ci, ta tura sauran gefe, kuma in an zo ɗaukar akushin ba a tarar da komai. Aka ce kaji ne. Tana ci amma kullum ramewa take, wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Na shiga gidan wata rana da rana tsaka, lokacin da kowa ya fake a inuwa. Hassana na zaune a gindin katanga, ta zaunar da 'yar tsanar a gabanta. Tagwayen nan dama suna da wata ɗabi'a, ɗaya ta fara magana ɗaya ta ƙarasa. Sai na ji Hassana ta ce, "In muka je gidan..." ta yi shiru, ta karkata kai, sannan ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "To, shi ɗin." Na ce ta ba ni 'yar tsanar in ga kitson. Da na ɗauka na ji nauyin da ƙashi ba ya yi, kuma kunnuwan da ɗumi kamar na wanda ya tashi daga barci. Na yi ta'awwuzi na mayar mata.

"Inna Lauratu," ta ce da ni, "Usaina ta ce inda take akwai wuri, ta shimfiɗa mini tabarma."

Na fita ban ko yi wa Uwani sallama ba, na faɗa wa Gwaggo. Ba ta yi tsokanar da ta saba ba. Da Malam Jibrin ya ji, ya ce a kawo masa abin ya fasa ya jefa a kududdufi. Gwaggo ta ce, "Jibrin, kai malami ne, amma ni na yi ta. In ka fizge, yarinyar za ta bi ta. Kuma wanda aka yi wa huɗuba ba a jefa shi a kududdufi."

"To me za a yi, Gwaggo?"

"Abin da ake yi in ana son raba yaro da gidansu ba tare da kuka ba."

Washegari da hantsi Gwaggo ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta ƙulla goro a ganye, ta ɗauki sabon majanyi, ta ce in raka ta. Ta zauna a tabarmar Uwani, aka gaisa kamar ba kullum ake haɗuwa ba. Sannan ta ajiye goron ta ce, "Uwani, kin ga ni Allah bai ba ni ba, ɗakina shiru. Na zo roƙo ne. A ba ni Usaina riƙo."

Uwani ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ta ce, "'Yarki ce, Gwaggo."

Gwaggo ta juya wurin Hassana. "Ke kuma mai wuyan zalɓe, kin yarda? Ko rowar 'yar'uwa za ki yi wa tsohuwa?"

"Za ki dinga ba ta ƙanzo? Tana son ƙanzo."

"Har sai ta ce ya isa."

"Ba ta son a kashe fitila."

"Ni ma matsoraciya ce."

Hassana ta sunkuya ta kara kunnenta a jikin 'yar tsanar.  Can ta ɗago ta ce, "Ta ce za ta je. Amma wai ba za ta zauna ita kaɗai ba, sai da wanda zai bi ta in lokacin komawa ya yi."

"Ce mata na ji," in ji Gwaggo.

Ta durƙusa, na ɗora mata 'yar tsanar a baya, ta ɗaure da majanyi. Da za ta miƙe sai da na kama hannunta.

Daga ranar ba ta sake yin 'yar tsana ba. Na alkuki ta raba wa yara, ta koma kaɗin zare. Ta roƙi kada a bar Hassana ta taka ɗakinta, ita ma ta daina shiga gidan Malam Jibrin, gidan da a da ba ta wuni ba ta leƙa ba. Kafin damina ta wuce Hassana ta murmure, kumatu suka fito, har faɗa take da ƙannenta a kan ƙosai. Gwaggo kuwa ta fara zubewa. Kwano biyu take zuba abinci. Ta bayan katanga nakan ji ta da rana tana cewa, "Sauka mana ki huta, bayana ya gaji," sai shiru, sai ta ce, "To, zauna abinki." Sallarta ba ta taɓa wuce ta ba. Na ce ko za a nemi malamai su yi wani abu, ta ce rubutu tana sha, addu'a tana yi, amma alkawari ta ɗauka a gaban uwa da 'yar'uwa.

Ta kusa shekara biyu a haka. Ta rasu wata Alhamis bayan azahar, da kalmar shahada a bakinta. Ni na yi mata wanka. A gadon bayanta da ƙarƙashin hammatarta akwai kanta irin ta matan da suka daɗe suna goyon ƙaton yaro. Bayan an fita da ita, ni da Uwani muka kwashe ɗakin kaf, har ƙarƙashin gado da cikin tukwane. Majanyin muka samu a ninke a kan tabarma. 'Yar tsanar ba mu gan ta ba.

Hassana tana nan, ta yi tsawo, ta kusa sauke izu goma a makarantar babanta. Tana cinye abincinta tas. Kwanan baya wata baƙuwa daga Goron Dutse ta ji sunanta, ta ce, "Hassana, ina Usainarki?"  Yarinyar ba ta ko ɗago daga wankin allonta ba.

"Tana wurin Gwaggo," ta ce.