Baba Hamid, Makiyayin Teku a Gomari

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Afrilu 2025, bayan sallar azahar, 'yarka Khairunnisa ta kira ni ta ce, "Malama, Baba ya rasu." Ina cikin aji, da alli a hannuna. Ban iya ƙarasa darasin ba, Baba Hamid, na fito na zauna a gindin dalbejiya na yi ta kuka.

Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, kuma na daɗe ina koyar da halittun teku alhali ban taɓa ganin teku ba. Sai dai in zana a allo, yara su kwafa, mu duka mu yi kamar mun gane. Wata rana Khairunnisa, lokacin tana ajina, ta dubi zanena na bushiyar teku ta ce, "Malama, ta gidanmu ba haka take ba." Na yi mata tsawa, don na ɗauka tsiwa ce. Washegari sai ga ka a ƙofar makaranta cikin farar jallabiya, kana murmushi. Ka ce, "Wushe, sannu Malama. An ce zanenki ya yi kama da tsintsiya. Ki zo da yaranki su gani da idonsu."

Muka je gidanka a unguwar Gomari, nan Maiduguri. A falonka muka tarar da wani dogon akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da duwatsu a jere. A jikin duwatsun ga baƙaƙen bushiyoyin teku, ƙayoyinsu na motsi a hankali. Daga wani rami kuma wani kifi mai siffar maciji ya leƙo, yana buɗe baki yana rufewa. Yara suka watse da ihu, ni ma malamar na ja baya. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce sunansa Dogo, kuma numfashi kawai yake yi.

A ranar na ji tarihinka. Mahaifinka makiyayi ne, 'yan uwanka duk dillalan shanu ne, kai kaɗai ka tafi Legas ka yi aikin jirgin ruwa har ka yi furfura. Da ka dawo gida sai ka taho da ɗan yankin tekun, har gishirinsa ma daga can ake aiko maka. Yayyenka sun yi ta tsokanarka, wai ɗan makiyayi ya ƙare a kiwon abin da ba a tatsa, ba a yanka. Kai kuwa cewa kake kiwo duk kiwo ne, wanda ya ci abinci kafin dabbarsa ta ci bai cika makiyayi ba.

An gaya maka waɗannan halittu biyu ba za su zauna lafiya wuri ɗaya ba. Bushiyoyin suna ture duwatsu in suna kiwo, Dogo kuma yana haƙa a ƙarƙashinsu, wata rana dutse zai danne shi. Sai ka zauna ka huda duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaure su da zaren kamun kifi. Ka bar wa bushiyoyin gansakukarsu, Dogo kuma kana ba shi jatan lande da tsinke har ya ƙoshi, don kada idonsa ya kai kan maƙwabtansa. Da Dogo ya gano hanyar ture murfin akwatin, ka ɗauko dutsen niƙan matarka Hajja Hindu ka ɗora a kai. Har yau tana cewa ba ka nemi izininta ba.

Tun daga lokacin, duk shekara nake kawo maka sabon aji. Ba ka taɓa nuna gajiya ba, ko a fuska. Hajja ta dama mana ardeb, wato ruwan tsamiya mai sanyi, kai kuma ka durƙusa da ciwon gwiwarka kana nuna wa yara ƙananan ƙafafun da bushiya ke tafiya da su. Cikinsu akwai yaran da rikici ya koro daga garuruwansu, waɗanda da wuya ka ji muryarsu a aji. A gaban gilashinka na fara jin wasunsu suna tambaya. Wannan alheri ba zan manta da shi ba har in mutu.

Bana ciwo ya kwantar da kai a asibiti a tsakiyar bazara, daidai lokacin da batirin solarka ya mutu, injin sanyaya ruwan ya tsaya. Kowa ya san zafin Maiduguri a watan Afrilu. Ruwan ya ɗauki ɗumi, bushiyoyin suka fara zubar da ƙaya, Dogo ya daina cin abinci. Maƙwabcinka Malam Sa'id, tsohon masunci daga Baga, ya ga ba zai zuba ido dabbar amininsa ta mutu ba. Ya haƙa rami a inuwa, ya kwaɓa laka, zai binne Dogo kamar yadda gaiwa ke shiga taɓo ta jira damina. Na iso na same shi ya naɗe hannun riga, ya riga ya ɗage dutsen niƙan.

Na ce ya dakata, ya ce, "Malama, na fi shekarunki ina kama gaiwa. Wannan ai gaiwar teku ce." Sai Khairunnisa ta kira ka a waya. Muryarka ta yi ƙasa ƙwarai, amma sai da ka yi dariya. Ka ce, "Sa'id, Allah ya saka maka, amma ka rufe raminka, wannan bai san laka ba. Ƙanƙara za ku nemo, cikin gora a rufe, kada ta narke a ruwan. In ruwan ya ragu ku ƙara mai daɗi, gishirin yana nan bai tafi ko'ina ba." Sannan ka ce da ni, "Malama, 'yan aji ɗaya ba su gan shi ba tukuna. Ku riƙe mini shi."

Na faɗa wa ɗalibaina. Daga unguwar Limanti, daga Abbaganaram, duk mai firinji a gida ko a shagon ubanta ta riƙa kawo gorar ruwa daskararriya. Malam Sa'id ya zama mai canza gorunan, kuma babu wanda ya kai shi tsanani a kai. Bushiya ɗaya ta mutu. Ban so a gaya maka ba, amma Hajja ta ce ba a ɓoye wa makiyayi asarar garkensa. Da ka ji, sai ka ce Allah ya raya sauran.

Ranar sadakar uku, mata na shigowa da kwanukan abinci kamar yadda aka saba. Can sai ga 'yan mata layi guda, tsofaffin ɗalibaina da na yanzu, kowace da gora mai raɓa a ƙarƙashin hijabinta. Har da Muhsinat, wadda a falonka ta fara cewa za ta karanci ilmin teku, kuma shi take karantawa yanzu a Kalaba. Suka gaishe da Hajja, suka wuce falo suka jera gorunan. 'Yan aji ɗaya na cikinsu. Suna tsaye Dogo ya leƙo, Khairunnisa ta miƙa masa jatan lande a tsinke, ya karɓa. Sun gan shi, Baba Hamid. Mun riƙe maka shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja Hindu, da Khairunnisa da ƙannenta, da 'yan uwanka, da amininka Malam Sa'id. Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu a bayanka. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya sa abin da ka koya wa 'ya'yan mutane ya zama sadaka mai gudana. Kai da ka kwana ka tashi kana sanyaya wa bayin Allah marasa baki ruwa a garin zafi, Allah ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Amin.