Baba Zailani, Gadinan da Aka Kira Maye Saboda Fure

Ana sallame sallar asuba, Baba Zailani zai ɗaure garwa biyu a bayan tsohon kekensa, ya kama hanya daga Samaru, ya bi ta Hanwa, ya gangara Sabon Gari. Kafin masu shayi su gama hura wuta ya isa wani ƙaramin gidan haihuwa mai zaman kansa, inda yake aikin gadina. Ya share ganyen mangwaro ya zuba a rami don ya ruɓe, ya yi ban ruwa, sannan ya tsinko zogale da alayyafo ya kai wa masu dafa abincin masu jego. Ya haura shekara ashirin yana wannan aiki.

Bara aka kore shi. Ba walima, ba godiya, ko "sannu da aiki" babu. Da sunan maita aka raka shi bakin ƙofa. Ni maƙwabcinsa ne, malamin firamare, kuma a gidan nan aka haifi 'ya'yana duka. Raina a ɓace yake da nake wannan rubutu, ba kuma zan ɓoye ba.

Abin da ya jawo masa, wani fure ne. Matar wani likita ɗan Indiya da ya taɓa aiki a gidan ce ta bar masa saiwarsa lokacin da za su koma ƙasarsu, wata 'yar aba kamar gwaza. Ta gaya masa daga kurmi mai laima ta fito, da wuya ta rayu a Zariya. Gaskiya ta faɗa. Shukar ba ta son rana, ba ta son iska mai bushewa, ruwa kuma idan ya kwanta a gindinta sai ta ruɓe. Baba ya yi mata rumfar zana a ƙarƙashin mangwaro. Ya haɗa mata ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da yashi, ya shimfiɗa sakaina a ƙasan tukunyar don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Da rani sai ya jiƙa buhunan algarara ya rataya kewaye da ita. Shekaru ta yi tana ba shi ganye kawai, bai gaji ba.

Da ta tashi yin fure, sai ta fito da abin da ba mu taɓa gani ba. Baƙi ne, amma idan haske ya taɓa shi sai ka ga ja-ja a ciki kamar ruwan makuba. Yana da fukafukai biyu a buɗe kamar na jemage, ga wasu dogayen zare suna reto kamar gashin bakin tarwaɗa. Har ɗalibai daga Samaru sukan zo kallo. Sista Winifred, babbar ungozomar gidan, ta ce idan naƙuda ta yi tsawo takan sa mace ta zagaya lambun, kuma sau da yawa a bakin rumfar nan suke tsayawa, su manta da ciwo na ɗan lokaci suna tambayar wannan wane irin ikon Allah ne.

A shekarun fari, da famfon Sabon Gari ya ƙafe, lambunan manyan gidaje duk sun ƙone. Na Baba bai ƙone ba, domin daga rafin Kubanni yake ɗauko ruwa a keke, ya raba wa zogale, ya raba wa lemun tsami, ya yayyafa wa furen. Wata mata mai suna Zubaidatu, daga Zabi, ta gaya wa matata cewa ranar da ta haifi ɗa ba rai, kowa sai haƙuri yake ba ta har ta gaji da ji. Ban da Baba. Kujera ya ajiye mata a inuwar rumfar, ya ci gaba da aikinsa nesa kaɗan, har ta yi kukanta ta gama.

To, sai gidan ya sauya hannu. Wani ɗan kwangila ya saye shi. A damunar bara amai da gudawa suka ɓarke a ɗakin masu jego, jarirai biyu suka rasu kusa da kusa. Iyaye suka taru a ƙofa cikin baƙin ciki suna neman a gaya masu dalili, kuma haƙƙinsu ne. Ban san bakin da ya fara faɗa ba, amma kafin azahar magana ta zagaya cewa baƙin furen nan na tsohon gadina shi ke shan jinin jarirai. Sabon mai gidan yana tsaye yana ji. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe zancen. Maimakon haka sai ya ce ai shi ma tun da ya zo hankalinsa bai kwanta da shukar ba, ya aika a ɗauko adda.

Sista Winifred ta tsaya a bakin rumfar ta ce, "Wannan furen ya fi shekara goma a nan, 'ya'ya nawa aka haifa a gabansa lafiya? Ku ji tsoron Allah." Aka ture ta. Aka sassare shukar, aka fasa tukunyar, aka cinna wa zanar wuta. Baba yana tsaye riƙe da bokiti. Wani saurayi da shi kansa a gidan aka haife shi ya nuna shi da yatsa ya ce maye. Mai gidan ya ce kada ya sake taka harabar.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka kora ce kawai. A unguwarmu yara suka daina gaishe shi. Matarsa, Inna Kaltume, da ke tuyar ƙosai a ƙofar gida, ta riƙa mayar da ƙosanta ciki yadda ta fito da shi. A masallaci na ga dattijo da gemunsa ya matsa gefe don kada kafaɗarsu ta haɗu a sahu. Mutumin da kuka yi shekara da shekaru kuna cin zogalen hannunsa!

An sare fure, ciwo bai tsaya ba. Sai da dubagari suka zo suka tarar salgar da sabon mai gidan ya sa aka haƙa tana tsiyaya cikin rijiyar da ake sha. Suka rufe rijiyar. Ashe shi ya sa addar ta fi wa mai gidan sauƙi. Har yau da nake rubutun nan, cikin waɗanda suka yi ihu ranar nan babu wanda ya taka zuwa Samaru ya ce, "Baba, yafe mana." Mai gidan kuwa ya shafe wurin lambun da siminti, a nan yake ajiye motarsa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da aka rufe rijiyar, gidan ya rasa ruwa, ga masu jego kwance. Washegari da safe Sista Winifred ta fito ta ga garwa biyu cike da ruwan famfon Samaru a bakin ƙofa, ta waje. Ta ɗaga kai ta hango Baba tsallaken titi riƙe da kekensa, yana jira a juye a ba shi garwarsa. An hana shi shiga, bai shiga ba. Haka ya yi ta yi kullum har aka ja masu famfo. Da ta tambaye shi yadda zuciyarsa ta yarda, sai ya ce, "Sista, jariran ba su suka kore ni ba."

Baba Zailani na Kaltume, mai hannun albarka. Kai ne ka raya abin da aka ce ba zai rayu a ƙasar nan ba. Kai ne ka shayar da gidan da ya tozarta ka. Mun gode, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya bi maka haƙƙinka a wurin waɗanda suka ɓata maka suna.

Ranar da aka kore shi, cikin tokar rumfar Baba ya tsinci guntuwar saiwa ya sa a aljihu. Yanzu tana cikin tukunya a inuwar zaurensa, inda duk mai wucewa zai gani, har ta fid da ganye. Na ce masa ko zai mayar da ita cikin gida don gudun bakin mutane. Ya ce a'a. "Malam, Allah ne ya yi furen nan baƙi. Idan na ɓoye shi, na yarda ke nan da abin da suka faɗa."

Matasanmu, ku koyi riƙon amanar aiki irin nasa, ku koyi kame baki idan taro ya ɗauki ihu. Ku kuma da kuka san kuna wurin ranar nan, kun san kanku, kun kuma san gidan. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci zan shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurensa, ni da shi mu sa hannu a kwano ɗaya, a bainar jama'a. Tabarmar babba ce. Wanda yake da sauran kunya, ya zo.